Damo, gwanda da atili: zuwana Kano a farkon hunturu

Motar da na hau daga Zariya ta sauke mu a Na'ibawa da hantsi, hazo ya lulluɓe gari, leɓen kowa a bushe. Sunan 'yar yayana ne ya kawo ni, amma tun muna hanya babban ɗansa yake ta kirana, wai in biya 'Yan Lemo in sayo masa gwanda nunanniya. Na ɗauka ta baƙi ce, ashe damon da ya saya a hannun wasu yara zai ba wa.

Na biya. Manyan motoci na sauke lemo daga Binuwai, ga abarba da ayaba daga kudu, 'yan dako na ta ratsa mutane suna "hanya, hanya". A bakin titi na tarar da wata mata da tiren atili, na sayi rabin kwano don ina son sa, sannan na tari adaidaita sahu. Muka bi ta Unguwa Uku da Dangi, muka shiga gari ta Ƙofar Nassarawa.

Damon yana cikin rabin durom a bayan soro. Tsawonsa bai wuce kamu uku ba, kansa gajere mai kauri, fatarsa toka-toka da ɗigo-ɗigon rawaya a jere a gadon baya. Da na leƙa sai ya kumbura jiki ya yi huci, ya zaro harshe mai baki biyu ya mayar. A gefensa ga yankan kankana har ya fara yami, ƙudaje sun baibaye shi, ko taɓawa bai yi ba.

"Baffa, wallahi a waya na gani," in ji yaron. "Wani ƙaton damo a kan bishiya yana cin 'ya'yan itace. Me ya sa nawa ya ƙi?"

Abin da ya gani gaskiya ne, kuma na ji daɗi da ya tambaya, domin wannan na cikin abubuwan da suka fi burge ni a sha'anin dabbobi. Dangin damo da guza sun kai kusan iri 80 a Afirka da Asiya da Ostireliya, har da babbansu na tsibirin Komodo a Indunisiya mai kai mita 3. Kusan dukkansu nama suke ci. Uku ne aka sani sun mai da 'ya'yan itace babban abincinsu, kuma duka ukun a ƙasar Filifin suke. Na farko, wanda mutanen can ke kira butaan, yana kudancin tsibirin Luzon da Polillo, shi ne wanda masanin nan Walter Auffenberg ya bi diddiginsa har ya tabbatar wa duniya abin da yake ci. Na biyu, mabitang, a tsibirin Panay yake, sai a 2001 masana suka yi bayaninsa. Na uku, bitatawa, yana duwatsun Sierra Madre a arewacin Luzon. Tsawonsa kan kai mita 2, amma sai a 2010 ya shiga littattafan kimiyya, alhali mafarautan ƙabilar Agta sun daɗe da saninsa suna cin namansa. Dabba mai wannan girma ta ɓoyu ne saboda a saman bishiya take yini, ba ta cika saukowa ba.

Na zaro atili ɗaya daga leda na ɗora wa yaron a tafin hannu. Na ce masa cikin abin da waɗancan ke ci har da 'ya'yan wata bishiya 'yar gida ɗaya da atilin nan, da ɓaure, da 'ya'yan wani tsiro mai dogayen ganye da ake kira pandanus. Haɗiye su suke yi ɗungurungum, ciki ya narkar da tsokar, ƙwallon ya fita da kashi a wani wuri can nesa ya tsiro. Ke nan suna ci suna shuka dajin. Ba su kuma bar nama gaba ɗaya ba, suna haɗawa da dodon koɗi da ƙaguwa, shi ya sa haƙoransu dakusassu ne na fasa ɓawo. Dajinsu mai ruwa ne, in wannan bishiya ta gama 'ya'ya wata ta kama. Namu damon kuwa ɗan ƙasar da rani ke cinye fiye da rabin shekara ne, cikinsa bai san gwanda ba. Kama da wane ba ta wane.

Yaron ya yi shiru, amma na ga bai gamsu ba. Don haka washegarin suna na ja shi Kasuwar Kurmi, wadda ke nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Muka ratsa layin dukawa da warin jima, muka isa wurin masu magungunan gargajiya, inda wani dattijo ke zaune cikin saiwoyi da busassun fatu. Da muka gaisa na gane tsohon maharbi ne.

"Baba, don Allah damo yana cin gwanda?"

Ya dube mu ya girgiza kai. "Ɗana, na feɗe damo ba adadi. Da damina za ka samu cikinsa dam da gyare da ƙadandoniya da dodon koɗi, wani sa'in ƙwan tsuntsu. Da rani kuwa ba komai sai kitse. Rami yake shiga ko suri ya lafe har ruwa ya sauka. Ai ba banza aka ce masa sarkin haƙuri ba." Ya juya ga yaron: "Jikana, yanzu ko fara ka ba shi da wuya ya kula, lokacin kwanciyarsa ne. In a durom ka ajiye shi, rana da sanyin ƙarfen ne za su kashe shi."

Maganar dattijon ta yi daidai da abin da masana suka rubuta kan damon Afirka ta Yamma, cewa kitsen da ya tara da damina shi yake ci da rani. Dattijon ya ƙara da cewa da can guza na yawo a kududdufan cikin gari yana kamun kwaɗi da 'yan tsaki, yanzu an cike yawancinsu an yi gini. Wannan ya taɓa ni, don na Filifin ma matsalarsu ke nan: sare daji da farauta sun sa na Panay ya shiga jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Wanda abincinsa ke kan wasu bishiyoyi ƙalilan, ranar da aka sare su ba shi da wurin zuwa.

A hanyar komawa gida yaron da kansa ya ce a sake shi. Wani maƙwabcin yayana yana da gona wajen Dawakin Kudu, ya ce akwai suri a gefenta. Da la'asar suka sa damon a buhu suka ɗaure a bayan babur, yaron ya hau suka tafi. Gwandar kuwa matan gida suka yanka wa sauran baƙin suna, ni kuma na wuce tasha don in samu motar Zariya kafin magariba.