Ranar da na sallama Ténéré

Asabar, Agadas.

Yau na sayar da babur ɗina, Yamaha XT600Z Ténéré ƙirar 1983. Gwiwata ta dama ce ta kai ni ga haka, don ba ta iya kik ɗinsa kuma, shi kuwa ba shi da maɓallin tayarwa.

Da hantsi dillali ya kawo mini wani mai jigilar kaya zuwa wuraren haƙar zinariya. Ko injin bai kalla ba. Tanki kawai ya ƙwanƙwasa, ya tambayi lita nawa yake ɗauka, na ce 30. Nan take ya hau lissafin yadda mai walda zai yanke bayan, a ƙara ƙarafan ɗora jarkoki. Ya yi tayi mai tsoka, na ce albarka. Dillali ya ja ni gefe: "Haba Alhaji, ƙarfe ne fa." Na ba shi na goro, na sallame su. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Sunan hamadarmu babur ɗin nan yake ɗauke da shi. A cikin rairayin nan wani Bafaranshe mai tseren babur, Thierry Sabine, ya ɓace a 1977, ya fito da tunanin tseren Faris zuwa Dakar, aka fara shi a ƙarshen 1978, Cyril Neveu ya ci na farko a kan Yamaha XT500. Daga wannan zuri'a nawa ya fito. Muna samari ayarin tseren yake yada zango a garin nan, mu kwasa da gudu kallon Turawa sun yi buɗu-buɗu da ƙura. Wani daga cikin masu ratso Sahara ta Tamanrasat da Asamaka da Arlit ne ya sayar wa yayana shi, Allah ya jiƙansa, daga baya ya dawo hannuna. Abin da yayana ya riƙe da daraja ba zan miƙa a yanka shi da wutar walda ba.

Bayan la'asar sai ga yaron da muka yi waya da shi, bakanike ne daga Yamai. Ya gaishe ni har ƙasa, sannan ya durƙusa gaban babur. Ya leƙa ƙarƙashin inji ko yana zubar da baƙin mai, ya goge lambar jiki da yatsa har ya ga 34L, lambar ƙirar farko ta Ténéré, ya yi murmushi. Ya ce, "Baba, giya ta biyar ba ta kuka?" Wanda bai san irin waɗannan injuna ba ba zai yi wannan tambaya ba.

Na ce ya tayar. Fistin ɗaya ne mai 595cc, in ka yi masa gaggawa ya mayar maka da kik a ƙwauri kamar harbin jaki. Yaron ya taka a hankali har ya ji inda ya yi tauri, ya ɗan zarce, ya ɗago, sannan ya sauke nauyinsa gaba ɗaya. Babur ya kama, dum-dum-dum, har uwargida ta leƙo daga zaure. A nan na san na sami mai shi.

Ban ɓoye masa komai ba. Robar wuyan kafireta ta fara tsagewa, kuma ba a samun kayansa a kasuwarmu sai an aiko daga Faransa ko Jamus. Na ja kunnensa kan matatar iska a lokacin hunturu, da cewa kada ya auna baƙin mai sai inji ya ɗumama, tunda tankin baƙin man daban yake da inji. Tayinsa bai kai na mutumin safe ba. Na ce, "Na sallama, ɗana, Allah ya sa albarka." Muka rubuta takarda gaban shaidu biyu, na ba shi karti giriz, wato takardar rajistar babur, da kwalin da nake tara fulogi da wayar kuloci.

Ya so ya hau shi har Yamai, na hana, don tayoyin sun tsufa kuma hanyar Tawa ba ta da kyau. A babbar mota za a ɗora shi. Gobe bayan asuba zan je tasha in tsaya a kansu, don yaran mota sun saba ɗaure igiya a kan tanki, kuma in wannan ya lotse ba mu da inda za mu sami wani.