Lahadi a Little India

Yau ba lakca, na ce bari in leƙa kantin Mustafa Centre in sayo barkono da citta don yajina ya ƙare. Na manta shaf Lahadi ce ranar hutun leburori a Singafo. Wallahi unguwar ba masaka tsinke, 'yan Bangaladesh da Indiya ko'ina, wasu a layin tura kuɗi gida wasu zaune kan ciyawa suna bidiyo kol da iyalansu.

La'asar ta riske ni a masallacin Abdul Gafoor. Muna sallamewa wani bawan Allah ya miƙo min hannu, hannun nan duk kanta. Ya ce daga ina, na ce Najeriya, ya ce bhai, wato ɗan'uwa, zo mu sha shayi. Na zaro kuɗi ya rantse shi zai biya.

Aikin gini yake. Dala 18 ta Singafo a rana, sai an yi obataim yake ɗan ganin haske, kuma doka ba ta yanka wa irinsu mafi ƙarancin albashi ba. Kuɗin ɗakina na wata ya fi abin da yake samu. Amma abin da ya tsaya min a rai gonarsu ce, babansa ya jinginar da ita aka biya ejan da ya samo masa aikin, yau shekara biyu ba a fanso ta ba, ga takardar aikin a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauko shi, ranar da oga ya soke ta sai jirgi. Na ce to in an riƙe maka albashi ka kai ƙara ma'aikatar ƙwadago mana. Ya ce bhai, ina zaman jiran shari'a wa zai biya bashin? Na rasa bakin magana.

Su 12 ne a ɗaki, can Tuas ƙarshen gari. Bai zo ba lokacin korona amma abokan kwanansa sun ba shi labarin 2020, yadda aka kulle su wata da watanni, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu a Singafo a shekarar leburori ne irinsu.

Bayan isha'i motarsu ta zo, a-kori-kura, suka ɗare baya suka zauna a ƙasa. Haka ake kai su aiki kullum. A 2021 irin motar nan ta yi hatsari mutum 2 suka rasu, aka yi ta surutu, har yau ba a hana ba. Yana ɗago min hannu har suka sha kwana, ni kuma na gangara jirgin ƙasa mai esi, cikin ramin da irinsu suka haƙa.

Ina isa ɗaki na kira Umma, na ce wai nawa ake biyan Baba maigadi? Tun ina firamare ya baro Nijar yake ƙofar gidanmu, ban taɓa tambaya ba. Ta ce lafiya dai? Na ce lafiya lau Umma. Ta yi shiru, can ta ce sai ta tambayi Abba.