TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 14: Sharar ƙofar gida a Minesota

Assalamu alaikum 'yan uwa. A makon jiya mun tsaya inda muka tare a gidan haya a Miniyapolis, wani birni a jihar Minesota ta ƙasar Amurka, mai gidan ya rage mana kuɗin haya bisa sharaɗin ni zan riƙa kula da filin ƙofar gida. Ai da sauri na ce na yarda, ɗan manomi ne fa ni.

Toh sai ga Afrilu, dusar ƙanƙara ta narke, abin da ta binne tun Nuwamba duk ya fito fili. Ruɓaɓɓen ganye ya manne da ƙasa baƙi ƙirin yana wani irin wari, ga karyayyun rassa, ga ledoji, ciyawar bakin titi kuwa gishirin da ake zubawa a hanya saboda santsi ya ƙone ta tas, zomaye kuma sun gwaguye ɓawon ƙananan itatuwa har inda tsayin ƙanƙarar ya kai su. Uwargida ta leƙo ta taga ta ce "Maigida, wannan ƙofar gida ce ko bola?"

Na ɗauko manjagara da baro. A raina aikin yini ɗaya ne irin sharar gona kafin damina, a tara a cinna wuta a huta. Nan kam babu zancen wuta, haramun ne ƙona ganye a cikin birni, kuma doka ta hana zuba shi a kwandon shara. Galibi sai ka sayo manyan buhunan takarda ka ɗura, rassa ka daddatse ka ɗaure dami-dami, motar hukuma daban take zuwa ta kwashe a je a yi taki da su. Wato kuɗinka za ka sa ka sayi buhun da za ka zubar, wannan har yau yana ci min rai wallahi.

Na gama da ciyawa na nufi fangalin furanni kenan sai tsohuwar maƙwabciyarmu ta fito da sandarta tana ɗaga min hannu. Na gaishe ta, na ce Mama lafiya? Wai in dakata, ƙudan zuma na daji da 'ya'yan malam-buɗe-littafi suna kwance cikin busassun karare da ƙarƙashin ganyen, sai zafi ya daidaita a wajen digiri 10 sannan a taɓa. Kuma in daina taka fangalin da jiƙarsa, ƙasar dannewa take yi. Ta sa yatsa ta ɗaga ganye, sai ga kawunan wani fure da ake ce wa tulif jajaye-jajaye sun tsago ƙasa, saura kaɗan manjagara ta aske su. Ni dai dariya ta kama ni, ƙwari ma an ba su haƙƙin barci, amma na ajiye manjagarar, mutuniyar ta girme wa mahaifiyata.

Rigimar gaske a cikin gida ta tashi. Uwargida ta ce furen da ba a miya da shi ba ta ga amfaninsa ba, alayyahu take so da yakuwa da kuɓewa, ta ga alayyahu wajen manoman Hmong, wata ƙabila 'yan asalin Asiya, a kasuwa ta san yana yi a nan. Na ce ki yi haƙuri, raɓar ƙanƙara tana iya faɗowa har cikin Mayu, kuma fangalin ba namu ba ne, marigayiya matar mai gidan ce ta dasa furannin da hannunta. Ta ce to kira shi mana.

Na kira shi. Abin da ya ce, da yadda kuɓewa ta shigo maganar, sai mako mai zuwa in sha Allah.