Elmina: Kwale-kwale, Hayaƙin Kifi da Tsohon Gidan Bayi

Daga Akara, babban birnin Ghana, muka ɗauki hanyar yamma, muka wuce Kasoa da Mankessim, muka isa Cape Coast. Daga nan Elmina ba nisa, kamar kilomita 12 ne, hanya tana bin gaɓar teku, itatuwan kwakwa a jere, igiyar ruwa tana ta dukan yashi. Tun kafin mu shiga gari muka hango farin ginin nan a kan duwatsu, tsohon gidan bayi na Elmina, wanda saboda shi yawancin baƙi suke zuwa.

Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482 don cinikin zinariya. Mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. A tsakanin nan aka mayar da rumbunan kaya wurin tara 'yan Adam. Na shiga ɗakin da ake tsare mata, duhu, ƙasa a jiƙe, iska sai ta wata 'yar kafa. Daga nan muka hau bene zuwa ɗakin gwamna, tagogi manya, iskar teku tana kaɗawa. Tazarar da ke tsakanin ɗakunan biyu matakala ce kawai, kuma wannan ya fi komai tsaya mini a rai. Sarkin Ashanti, Prempeh na ɗaya, shi ma a nan aka tsare shi a 1896.

Baƙi da yawa da sun fito sai mota. Ni a ganina sun bar rabin Elmina a baya, domin garin yana gindin ginin ne, a bakin tafkin Benya. Da sassafe na tsaya a kan gadar da ta ratsa bakin tafkin. Kwale-kwale suna shigowa ɗaya bayan ɗaya ta ƙarƙashin ƙafafunmu, kowanne da fentinsa da tutocinsa, an rubuta masa addu'a ko kirari a jiki. Gindin kowane jirgi guntun wani itace ne guda da ake kira wawa aka sassaƙe, aka ƙara katako a sama, aka ɗaura inji a gefe. Samari suna kwashe ruwa da bokiti suna waƙa, mata kuma sun yi cincirindo da manyan kwanoni a ka. Ciniki a hannun matan yake. Su ke saye, su ke ƙyafewa, wasu ma su ke ba da kuɗin man da aka fita da shi.

Wani saurayi ɗan Zango da ke jin Fanti, yaren mutanen garin, ya kai ni bayan kasuwa, inda murhunan ƙyafe kifi suke. Wata dattijuwa tana jera ƙananan kifaye a kan ragar waya, tana ɗora raga bisa raga, idanunta sun yi jajir don hayaƙi. Na ce, "Mama, ya kasuwa?" Ta nuna mini ragogin da ke jingine babu komai a kansu. Ta ce da can, daga Yuli zuwa Satumba ba sa samun barci don yawan kifi, yanzu kuwa jirgi kan kwana a teku ya dawo bai mayar da kuɗin mai ba. Manyan jiragen da ke share teku har da 'ya'yan kifi ta ɗora wa laifi. Abin ya dame ni ƙwarai, don duk wanda na gani a garin nan, daga mai ɗinkin koma har mai sayar da ƙanƙara, a kan kifin nan yake ci.

Da la'asar na hau tudun da sansanin St. Jago yake. Daga kan tudun nan ne mutanen Holan suka yi wa Fotugal ruwan igwa. Gari duka yana ƙasa: jajayen rufin kwano, filayen gishiri can bayan tafki, jirage a cunkushe kamar an zuba ashana.

Ranar Talata masunta ba sa fita teku, sai gyaran koma a inuwa. Mai son ganin hada-hadar bakin gada ya zaɓi wata rana, sai fa Talatar farko ta watan Yuli, ranar bikin Bakatue, da ake buɗe tafkin Benya don sabuwar kakar kamun kifi.