Na nemi sunana a manhajar da na rubuta, ban gani ba

Wata takwas na kwashe ina rubuta wata 'yar manhaja ta tura saƙon tes, ina nan Kano, kamfanin da nake wa aiki yana Amurka. Ranar da suka sake ta a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, don kowa ya ɗauka kyauta, da zumuɗi na buɗe in nuna wa ƙanena. Muka duba sama da ƙasa, babu sunana. A kan kowane fayil sunan kamfanin ne da shekara, ga lasisin MIT, mai ba kowa izinin amfani da ita, a gefe. Tarihin aikin kuwa, wato jerin gyare-gyare da sunan wanda ya yi kowanne, an dunƙule shi wuri guda, da sunan wanda ya ɗora.

Ban yi jayayya a kan mallaka ba, don da hannuna na sa hannu a kwantiragin da ya miƙa musu ita. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976 ma tana ɗaukar kamfani a matsayin marubucin abin da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Tamu ta Najeriya ta 2022 tana fara ba marubucin ne, sai in yarjejeniya ta ce akasin haka, kuma tawa ta ce. An biya ni, kayan nasu ne.

Abin da ya sosa min rai shi ne ɓatar da hannun da ya yi aikin. Na tuna fatar jan akuyar Sakkwato da aka riƙa ƙetarawa da ita Sahara, ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko. Ga irina, tarihin aikin shi ne takardar shaida. Mai ɗaukar aiki a Jamus bai san makarantar da na yi ba, amma zai iya karanta layukan da na rubuta, in har suna ɗauke da sunana.

Kuma ba wahala a raba biyun, mai mallaka da wanda ya yi aikin. Git da kansa, manhajar adana tarihin gyare-gyare da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana ajiye sunan wanda ya rubuta gyara daban da na wanda ya shigar da shi. A Linux, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, tun 2004 duk mai kawo gyara sai ya sa sunansa a ƙarƙashi, ko da albashin Intel ko Red Hat yake ci. Masu Go, wani harshen rubuta manhaja, har zuwa 2022 sun daɗe suna riƙe da fayil biyu, ɗaya na masu haƙƙin mallaka, ɗaya na mutanen da suka ba da gudummawa.

Waɗannan misalan na tura wa shugabar sashenmu. Ta ce sun dunƙule tarihin ne don akwai kalmomin sirri na cikin gida a tsofaffin gyare-gyare, kuma hujja ce mai ƙarfi, na yarda. Tarihin bai dawo ba. Bayan mako biyu dai suka ƙara fayil mai sunayenmu mu huɗu da muka yi aikin, nawa ne na biyu. A sabon kwantiragina na roƙi a rubuta cewa duk abin da za a sake na aikina zai fita da sunana, suka amince.