Abin da furojet ɗina kan Rasha ya koya min

Yanzu da na karɓi sakamako na bar sashen tarihi, bari in faɗi abin da ya daɗe yana ci min rai, ko ƙannenmu masu shiga aji huɗu za su amfana.

Furojet ɗina a kan gyare-gyaren Sarki Alexander na biyu na Rasha ne. Gaskiya mutumin ya burge ni, shi ya 'yanta manoman da ke ɗaure a gonakin masu ƙasa a 1861, mutum sama da miliyan 20, a 1864 kuma ya kafa majalisun yanki da ake kira zemstvo ya gyara kotuna. To son da nake masa ne ya kai ni ya baro, don na rubuta a babi na huɗu cewa ranar da aka jefa masa bam a Maris ɗin 1881 ya riga ya amince da kundin tsarin mulki. Ranar difens, wato ranar kare furojet, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya buɗe shafin, ya ɗora yatsa a kan layin, ya ce "Ɗana, wane kundi?" Ashe abin da ya amince da shi, wato shirin ministansa Loris-Melikov, kwamitocin ba da shawara ne kawai da za a sa wakilai kaɗan a ciki, iko kuwa yana hannun sarki ɗungurungum. Su ma manoman bashin kuɗin gona aka ɗora musu na shekara 49. Na tsaya gumi yana keto min, bakina ya mutu.

Kuskuren nawa ne, na yarda. Abin da har yau ban huce ba shi ne sufabaizana da ya riƙe babin nan wata uku a ofis, ya sa hannu ko layi ɗaya bai taɓa da jan biro ba, shi ne ya fara girgiza kai a gaban mutane yana cewa ai ya gaya min. Wallahi bai taɓa gaya min ba. Na ce "Haka ne ranka ya daɗe" don in fita lafiya.

Tun ranar in na ga sarki ya yi gyara sai in duba wa ke da ikon sokewa, don ɗan Alexander na biyu, wato Alexander na uku, bai sha wuya ba wajen ƙwace 'yancin jami'o'i a 1884 da matse zemstvo a 1890. Kada ku dogara da littafi ɗaya. Ku ajiye duk kwafin da malami ya sa wa hannu.

Babin da kaina na sake shi cikin kwana tara, aka ba ni C. Kwafin mai sa hannun sufabaizan yana nan a akwatina.