Ciwon kan sinus: buɗe hanya ya fi danne zafi

A cikin ƙasusuwan fuska akwai koguna masu iska da ake kira sinus: a goshi, a kumatu, tsakanin idanu, da can bayan hanci. Kowanne yana zubar da majina cikin hanci ta wata 'yar ƙaramar ƙofa. Da mura ko alaji (rashin jituwar jiki da abu irin ƙura) sun kumbura fatar ciki, sai ƙofar ta toshe, majina ta taru, fuska ta yi nauyi. Shi ya sa ciwon ke ƙaruwa in an sunkuya, wani lokaci har turamen sama su amsa.

Amma a fara tantancewa. Da yawa daga abin da ake ce wa ciwon kan sinus, ciwon ɓarin kai ne. Idan akwai tashin zuciya da ƙin haske, babu majina mai kauri, jin ƙamshi kuma bai ɗauke ba, to a nemi matsalar a wani wuri.

Abin da ya fi amfani shi ne wankin hanci da ruwan gishiri. A tafasa ruwa na aƙalla minti 1, a bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. A cikin mililita 250 a narkar da rabin ƙaramin cokali na gishiri, da ɗan garin baking soda na girki daidai abin da yatsu biyu za su ɗauka. A sunkuya kan kwano, a karkata kai gefe, a buɗe baki ana numfashi ta nan, sannan a tura ruwan a hankali ta ƙofar hancin da ke sama da babban sirinji marar allura, ya fito ta ɗayar. A juya a maimaita. Sau ɗaya ko biyu a rana ya isa.

Nan ne ake yawan kuskure. Zallar ruwa tana raɗaɗi, haka ma in gishiri ya yi yawa. Fyace hanci da ƙarfi bayan wanki yana tura ruwa cikin kunne. Mafi muni shi ne amfani da ruwan da ba a tafasa ba: akwai ƙwayar amiba da ke bi ta hanci ta isa ƙwaƙwalwa. Ba kasafai take faruwa ba, amma kisa take yi. A wanke sirinjin a shanya shi bayan kowane amfani.

Tsumma mai ɗumi a goshi da kumatu na minti 10 yana sassauta nauyin, haka ƙara matashi lokacin barci. Sirace kuwa, daɗinsa na ɗan lokaci ne, kuma yana ƙona yara.

Babba zai iya shan farasitamol miligiram 500 zuwa 1,000 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a rana. Ibuprofen na rage kumburi, amma ba na mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko juna biyu ba ne.

Feshin oxymetazoline ko xylometazoline yana buɗe hanci cikin mintuna, kuma tarkonsa ke nan. Bayan kwana 3 a ajiye shi, domin in an ɗore hanci na ƙara toshewa duk lokacin da maganin ya sake shi. Feshin siteroyid irin su mometasone ba haka yake ba, sai ya kwana biyu kafin a ga aikinsa. A fesa bayan wanki, bakin kwalbar na kallon gefen kunne, ba bangon tsakiyar hanci ba, don gudun haɓo.

Yawancin wannan kumburi bairas ne ke kawo shi, antibayotik ba ta taɓa shi, kuma koriyar majina kaɗai ba hujja ba ce. A ga likita idan an haura kwana 10 babu sauƙi, ko an fara warkewa ciwo ya dawo da zazzaɓi. Ciwon gefe ɗaya mai wari na iya zama daga haƙori. Kumburin ido, gani biyu-biyu, sandarewar wuya ko ruɗewa kuwa, asibiti ne nan take, ko da tsakar dare.